Wankin Cikin da Ya Cinye Ƙashin Inna

Salamu alaikum 'yan grup. Masu kirana da masu aiko saƙon murya kuna tambayar jikin Inna, ku yi haƙuri ban amsa ba. Ga amsa nan gaba ɗaya, kowa ya karanta, don bakina ya gaji da maimaitawa. Wata da watanni abu guda muke nema, Inna ta taka ƙahwarta ta shiga ɗakinta da kanta. Yadda neman ya kasance shi zan rubuta. Wadda uwarta ko yayarta ta kai shekarun ɗaukewar jini, ta daure ta karanta har ƙasa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Ramatu, ɗiyar Hawa mai kopto ta kasuwar Filinge, wadda ke saida kwaɗon zogale bakin rumhunan masu hatsi. Ina Yamai, ina aiki wani butik na saida waya. Ni ce ɗiyarta ta hwari, kuma kun san yadda uwa take da ɗan hwari wajenmu. Ba ta kiran sunana. Ba ta kallona ido cikin ido. In muna ɗaki ɗaya da wani take magana, ni in tsinta. "Ta Yamai" take ce mini, ko "wagga". In na kira waya sai ta miƙa wa ƙanena Idi ta ce, ka ce mata lahiya lau. Haka na tashi na iske, ban taɓa ɗaukar shi komi ba. Ku riƙe wanga, don shi ya ci mu rabin jinyar.

Da na je babbar salla na ga Inna ta rage tsawo. Da can kanmu ɗaya, ranar ina tsaye ina ganin tsakar kanta. Zanenta na jan ƙasa, baya ya hwara lanƙwasa, haƙora na hita ɗai-ɗai, ga ta ko sittin ba ta kai ba. Matan layin kasuwa sun maida abin wasa. Wata ta ce Hawa ta shiga ruku'u tun liman bai kabbarta ba, anka yi dariya, ita ma ta yi. Na tambayi Idi, ya ce ciwon baya ne na masu daka, kowace mace ta gari tana da shi.

Bayan girbi abin ya auku, kuma ba wani hwaɗuwar kirki ba ce. Ta kwance akuya za ta ba makiyayi, akuyar ta hizgi igiya, Inna ta zamna ƙasa da ƙarhi. Shi ke nan. Yaro ɗan yaye shina irin wagga zamnawa sau goma a wuni ya tashi. Ita ba ta tashi ba.

Kahin labari ya iso mini, Iya Tamo ta riga ta yanke shawara. Iya Tamo yayar Inna ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana zamne wajen Damana, ta girme ta nesa, kuma tunda kakarmu ta rasu ita ce uwa ga Inna. Abin da ta ce shi za a yi. Ta sa anka ɗora Inna mota anka kai ta wajen wani mai ɗori a ƙauye bayan Bonkuku. Idi bai gaya mini ba sai da abin ya kwana biyu, wai kada hankalina ya tashi.

Shi wanga mai ɗori da kaza yake aiki. Ranar da anka kawo mai karaya sai ya kama kaza ya karya mata ƙahwa, ya ɗora ta da kara da tsumma, ya ɗora mutum. In kaza ta taka, mutum ya taka. Da na isa na iske Inna kwance cikin rumhwa an ɗaure mata cinya da sanduna, ga kazarta can tana tonon ƙasa har da guje-guje. Mutanen gidan suna nuna mini kazar kamar albishir. Mai ɗori ya ce tunda kaza ta tashi ba sauran magana, abin da ya rage son jiki ne. Ya kira maza biyu sunka kama Inna ta hammata sunka miƙar da ita tsaye.

Ban taɓa jin Inna ta yi kuka gabana ba, kuma ranar ma ba ta yi ba. Ta cusa bakin kallabinta cikin baki ta ciza. Zuhwa na zuba mata har haɓa. Mai ɗori ya ce, "Haba Hajiya, kaza ta hi ki zuciya?" Iya Tamo ta ce, "Hawa, taka mana, kada ki ba mu kunya gidan mutane." Sunka sake ta. Ta sulale ƙasa kamar buhun da anka juye. Na ji ƙarar wani abu cikin ƙugunta, har yau in na tuna haƙorana na tsami.

Gaskiyar mutumin guda zan hwaɗa. Da ya sake lalube wurin ya ce shi tunda yake bai taɓa kama ƙashi irin wanga ba, wai in ya matsa shina jin kamar shina marmashewa ƙarƙashin yatsa. Ya ce mu kai ta likita, kuma ya ƙi amsar cikon kuɗɗinshi. Allah ya saka mishi da alheri kan wanga. Laihin tsayar da ita kuwa, shi da Allah.

A asibitin Filinge ba su ɓata mana lokaci ba. Sunka yi mata allurar kashe zahi, sunka ba mu takarda da ambilas zuwa Yamai. Ni da Iya Tamo muna baya da ita. Duk ramin da mota ta shiga sai Inna ta damƙe hannun Iya. Nawa hannun shina kusa, ba ta taɓa shi ba.

Satin hwarko a Yamai layi ne kawai. Layin takarda, layin biya, layin gado. Inna ta kwana bisa tabarma a baranda kahin gado ya samu. Na'urar hoton ƙashi, radiyo da suke cewa, ta lalace, sai da munka naɗe ta cikin taksi munka kai wani kilinik na kuɗɗi, direba na ƙorahin za ta ɓata mishi kujera. Kowace sahiya da sabuwar ordonas, wato takardar magani, ka tahi farmasi ka dawo a ba ka wata. Idi ya saida awakin Inna duka, har da wadda ta kada ta, kuma ita ta hi tsada. Patrona, mai butik ɗin, ya bar ni ina zuwa aiki rabin wuni, na gode mishi, ko da yake rabin albashi ya biyo baya.

Likitar da ta riƙe mu mace ce, Bazabarma, Hausarta kaɗan ce, don haka da Faransanci muke magana ni in juya wa Inna. Ta ɗaga hoton wajen taga ta daɗe tana kallo, ta ce mini, "Madam, ina ƙashin?" Ta nuna mini inda ya kamata ya hito hwari tas, ga shi duhu-duhu kamar hayaƙi. Kan ƙashin cinya ya karye can sama wajen ƙugu, kuma ƙasusuwan baya da yawa sun riga sun lotsa tun tuni, shi ne rage tsawon. Ta ce sunan abin osteyoporoz, ƙashi ne ke zama kamar karan gero da gara ta ci, waje lahiya ciki ba komi. Ta ce ana iya aiki a sa ƙarhe, Inna ta tashi ko da sanda. Amma ba yanzu ba. Jininta ya yi ƙasa, jiki ba nama, ga zawo da bai tsaya ba tunda munka zo. Sai zawo ya tsaya ta ci ta murmure, sannan a shiga da ita.

Sai ta hwara tambayoyi. Yaushe al'adarta ta ɗauke? Mi take ci? Wane magani take sha? Ku duba hwa, ni zan tambayi Inna yaushe al'adarta ta ɗauke. Na juya na kalli bango na yi tambayar da Hausa. Inna ta kalli ɗayan bangon ta ce lahiya lau. Iya Tamo ta ce, "Ki ce mata akuya ta kada ta, mi ya kawo wagga magana gaban ɗiya?" Magani kuwa sunka ce ba ta shan komi.

Haka munka ci sati na biyu da na uku. Analiz, wato gwaji, na jini, analiz na bayan gida, ƙarin ruwa, a tsaida zawo kwana biyu ya dawo. Dangi na zuwa dubiya kowa da tashi shawara. Wani ya ce jihwa ce daga abokan kasuwa. Wata ta kawo rubutu cikin gora. Wani kawunmu ya ce mu bar ɓarnar kuɗɗi, mace in ta kai haka ai sai lallaɓawa, ya hwaɗa a kan Inna tana ji.

Wata sahiya likita ta sake tambayoyin, ta ga ni da Inna kowa da bangonshi. Ta tsaya ta dube mu. Ta ce da guntuwar Hausarta, "Ke ce na hwari?" Na ce i. Ta dahe goshi, ta ce su ma haka suke, babbar yayarsu har ta yi jikoki uwarsu ba ta kama sunanta ba. Ta kore ni waje, ta kira wata ma'aikaciya 'yar Dogon Dutsi ta yi musu tahinta. Ina tsaye baranda ina jin muryar Iya Tamo tana zuba, ba da ɓoyo ba, da alhwahari ma.

Ga abin da ya hito. Tun shekarar auren Idi jinin Inna ya ɗauke. Iya Tamo ta gaya mata jinin da ya bar hita ba ɓacewa yake ba, taruwa yake cikin ciki ya ruɓe ya zama dauɗa, ya hau baya, ya hau ido, in ba a wanke shi ba shi ke kashe mace. Don haka kowane sati Inna na shan jiƙon hilasko da kanwa da tsamiya, ta yi ta zaga bayan gida har sai ruwa zalla ya hito, shi ne ciki ya wanku. In cikin ya murɗa sai ta sayi kabso mai ja da rawaya wajen masu tallar magani a tire, ta huda ta zuba cikin kunu. Kuma an hana ta nono, an hana ta wake, an hana ta ganye, wai su ke ciyar da dauɗa. Hura ma sai da ruwa take damawa. Matar da ke ciyar da rabin kasuwa zogale, ita iyakarta ta ɗanɗana gishiri ta tohwar. Da baya ya hwara ciwo sunka ce dauɗa ta yi yawa, sunka ƙara jiƙo. Shekara da shekaru haka. Kuma garin hilaskon shina nan cikin ƙullin Iya ƙarƙashin gadon asibiti, shi ne zawon da muke ta biyan analiz a kanshi.

Likita ta zamnar da ni ta yi mini bayani, zan hwaɗa yadda na gane. Ta ce jini in ya ɗauke ba ya taruwa ko'ina, jiki ne ya bar yin shi. Amma daga lokacin ƙashin kowace mace shina hwara raguwa, ko ta yi wankin ciki ko ba ta yi ba, shi ya sa lokacin ne ta hi bukatar nono da wake da ganye da ƙananan kihi da ake ci da ƙaya. Ta ce kuma cikin hanjin mutum akwai wasu ƙananan halittu da ido bai gani, flor ta kira su, ba cuta ba ne, su ke taya hanji sarrahwa abinci har jiki ya ja abin da ƙashi ke so. Kabso na kashe su, hilasko na share su, abinci na wucewa bai tsaya ba. Ta ce ba za ta rantse wanga kaɗai ya kawo Inna nan ba, akwai gado, akwai yawan haihuwa. Sai ta ce, "Amma an hana ƙashin ci, kuma ɗan abin da ya samu an wanke." Ta ce in an bar jiƙon yau, aka ciyar da ita sosai, cikin 'yan makonni za a iya shiga aiki.

Na hito da ƙarhina. Na sayo yawur, nonon nan na kanti, na sa matar maƙwabcina Bahillata tana kawo mini nono mai kyau, na dahwa wake, na yi miyar zogale da busasshen kihi. Na zo na aje gaban Inna na miƙa mata cokali. Ta kau da kai. Inna ba ta cin abinci gabana, balle daga hannuna. Daga hannun Iya Tamo kawai take amsa. Wanka Iya, canjin zane Iya, fo na bayan gida Iya. To kun ga inda na tsaya. Abincin da zai tada Inna sai ya bi ta hannun wadda ta yarda guba ne.

Ba zan ci haƙƙin Iya Tamo ba. Tsohuwa ce ta haura saba'in, tana kwana bisa siminti ƙarƙashin gado. Ita ke kwashe zawon ƙanwarta da hannunta ba ta taɓa yamutsa huska ba, ta wanke zannuwa a famfo, ta shahwa mata mai, ta yi mata kitso tana kwance. Ni da ke biyan ordonas ban yi rabin wanga ba. Da na yi mata maganar likita ta saurara har na gama, sannan ta bugi ƙirjinta ta ce, "Ni nan tun ba a haihe ki ba nake wanke cikina. Dube ni. Wa ya taɓa ɗaukata?" Kuma gaskiya ne, da ƙahwa take zuwa kasuwar Damana. Na kai wa likita wagga magana ta ce jiki ba ɗaya ba ne. Wagga amsa ba ta shiga kunnen Iya ba, ni ma da na maimaita ta na ji ba ta da nauyi.

Na ƙwace ƙullin na zubar. Iya ta ce to. Kwana kaɗan zawo ya tsaya, Inna ta hwara haske, anka ba mu ranar aiki. Na kira Idi ina murna. Ana saura kaɗan zawo ya dawo kamar an buɗe famfo. Matar da ke jinyar uwarta gadon kusa ta ja ni gehe ta ce, in na tahi aiki Iya na ba masu shara yawur ɗin, wake kuma ita ke cinyewa. Kuma ta hita bakin ƙohwar asibiti ta samo sabon hilasko wajen masu saiwoyi, don wai ba a yanka mutum da dauɗa cikinshi, sai an wanke shi tas kahin wuƙa ta taɓa shi. Anka ɗaga aikin. Ranar ce kuma ma'aikaciya ta juya Inna ta nuna mini gyambon da kwanciya ta buɗe mata a ƙugu, ya kai tahin hannu.

Nan na yi abin da duk Filinge ta ji. Na kwashe kayan Iya Tamo na aje baranda, na ce wa mai gadi kada ya sake barinta ta shigo. Na ɗaga murya, ban zage ta ba, ko da an ce na zaga. Ta ɗauki ƙullin kayanta ta aza a ka ta ce, "Ke da anka haihwa jiya. To ga ta nan, ki wanke ta mu gani." Ta tahi gidan wani ɗanta a unguwar Bukoki, nan Yamai.

Na ɗauki hutu na zamna. Na ce yanzu za a yi jinya ta gaskiya. Inna ta juya huska bango. Na kawo nono, ta ƙi. Na kawo kunu, ta ƙi. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai matar gadon kusa ta miƙa mata. Ta ɓata zane, na zo in canja, ta damƙe bakin zanen da hannu biyu, da ƙarhin da ban san tana da shi ba. Ma'aikata sun yi kaɗan, mutum ɗaya ga ɗaki cike, in na kira sai a ce mini kala suru, wato in yi haƙuri. Inna ta gwammace ta wuni cikin ƙazanta bisa gyambo da in ga jikinta. Ɗaki ya ɗauki wari, masu jinya na toshe hanci suna kallona.

Da abin ya kai kwanaki, ta yi magana, kuma ba da ni ba. Ta ce wa matar gadon kusa, "Ki ce wa ta Yamai ta maido mini 'yar'uwata. Ko a bar ni in mutu da suturata."

Na tahi Bukoki. Na iske Iya bisa tabarma tana cin goro cikin surukanta. Na durƙusa gaban kowa na ba ta haƙuri. Ta bar ni durƙushe ta gama labarin da take ba su, sannan ta ce a kawo mata mayahinta. A taksi na roƙe ta don Allah don Annabi ta bar jiƙon, ko na wata ɗaya. Ta ce, "Ai likitarku ta iya, mi za a yi da ni?" Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Da ta shiga ɗakin, Inna ta kama hannunta ta riƙe, kuma ranar ta ci tuwo.

Ko Iya ta ci gaba da ba ta jiƙon, ban kama ta ba. Na bincike kaya, na sunsuna kohuna, na roƙi masu shara su sa mini ido. Zawon shina tsayawa shina dawowa. Likita ta ce hanjin da anka daɗe ana wankewa haka yake yi ko an bari, sai a hankali. Nono dai Inna ta sha kaɗan, don Iya ta yarda da rabin ludayi in an tsarma shi da ruwa. Amma gyambon ya riga mu. Ya zurma, ya yi ruwa, zazzaɓi ya shigo, anka koma ba ta maganin kashe ƙwayoyi ta jijiya, irin wanda likita ta ce shina ƙara share flor ɗin, amma ba yadda za a yi.

Babban likitan ƙashi ya zo zagaye da ɗalibanshi. Ya dubi hoto, ya ɗaga zane ya dubi gyambo, ya yi musu bayani da Faransanci a kan Inna kamar ba ta wurin. Ya ce karayar ta tsuhwa, kan ƙashin ya mutu, ba a sa ƙarhe kusa da gyambo mai ruwa, kuma ko an sa, ƙashin ba zai riƙe ƙusa ba. Ya ce mu kai ta gida, a ciyar da ita, a riƙa juya ta, in gyambo ya warke mu dawo a gani. Akwai masu jiran gadon. Likitarmu ta raka ni har baranda. Na ce mata ta gaya mini gaskiya, in mun dawo za a yi? Ta ce in nemi katihwa mai taushi da keken guragu. Ta rubuta mini lambarta ta ce in kira ko yaushe. Allah ya yi mata albarka, ita da 'yar Dogon Dutsi, da matar gadon kusa da ban ko san unguwarsu ba.

To ga abin da ya sa na rubuta. Ku da ke Yamai da Lome da Kotonu kuna aika kuɗɗi gida, kuɗɗin ba su tambaya. Ku bincika mi uwayenku ke sha da sunan wankin ciki, mi anka hana su ci. In kin ga ta rage tsawo, ko baya ya lanƙwasa, ko haƙori na zuba, ba daka ba ne, a kai ta a duba. In ke ce ta hwari kada ki tsaya yin tahinta, ba za ta hwaɗa ba, ki sa ƙanwarki ko wata daga waje. Kuma ki san wa uwarki ke jin maganarta, ki hwara da ita tun ana lahiya, don ranar ciwo ba ke za a saurara ba.

Munka maida ta Filinge kwance bayan mota. Idi da abokinshi sunka ɗauke ta cikin bargo sunka shigar da ita ɗaki. Kahin la'asar gida ya cika da mata 'yan sannu. Ina tsakar gida ina dama mata hura da nono, ina jin Iya Tamo tana ba su labari. Ta ce saura kaɗan dauɗar ta ƙare, ta Yamai ta kore ta, dauɗa ta samu wuri ta huda baya ta hito, ga ramin nan kowa ya gani. Mata na salati. Wata ta ce ɗiyan lakkwal ke nan, 'yan boko. Wata ta leƙo ta dube ni ta koma. Anka tambayi Inna, Hawa haka anka yi? Na tsaida ludayi ina saurare. Inna ta ce, "Allah dai ya kawo."

Washegari ina shirin komawa aiki, na shiga yi mata sallama. Na ce mata, ina kallon ƙasa, za mu dawo Yamai in gyambo ya warke, babban likita ya ce a gani. Ta ce wa matar Idi ta jawo kwandon da ke bayan ƙohwa. Takalmanta ne ciki, na kasuwa, na biki, da wasu sababbi da na aiko mata ba ta taɓa sawa ba. Ta ba matar Idi na kasuwar, ta ce a kai wa maƙwabciya na bikin. Sababbin ta riƙe ta juya su ta dubi ƙasansu, ta miƙa wa Iya Tamo.

Iya ta ce, "Haba Hawa, ke hwa?"

Inna ta ce, "Sa mu gani."

Iya ta zura ƙahwa. Sun yi mata daidai. Ta taka zuwa bakin ƙohwa ta dawo, ta hita tsakar gida ta zaga turmi, tana cewa ba su matse ta ko kaɗan. Inna na kwance ta karkata kai tana bin ƙahwahun da ido, har Iya ta hice zaure nuna wa mutane.